Rabin Daƙiƙar Da Tsohuwar Kwamfuta Ke Jira



Duk wanda ya taɓa shiga tsofaffin shagunan buga takardu na Gusau, ko na Tsafe da Bungudu, ya san abin da za mu faɗa. A wani lungu na shagon, ƙarƙashin tebur ko bayan ƙofa, akwai akwatin kwamfuta irin ta da, wadda take fara sol a ƙuruciyarta, yanzu ta koma launin kunun gyaɗa. An ɗora mata tsofaffin jaridu da buta. Ka tambayi mai shago me ya same ta, zai ce maka ta mutu. Ka ce yaya aka yi ta mutu, zai ce wata safiya ce aka danna makunni, fanka ta juya, 'yar koriyar fitila ta kama, amma fuskar monita ta tsaya baƙi ƙirin. Aka kashe aka kunna, aka bubbuga mata gefe, shiru. Daga nan aka ture ta, ana jiran ranar da ɗan gwangwan zai gitta.

Mu kam mun daina saurin yarda da wannan shaidar mutuwa. Da yawa cikin waɗannan kwamfutoci lafiyarsu ƙalau in ban da wuri ɗaya, wurin da ya shafi rabin daƙiƙar farko bayan an danna makunni. Dalilin kawo zancen gaban marubuta kuwa shi ne abin da ke kwance a cikinsu. Tun daga farkon shekarun 2000 har zuwa lokacin da manyan wayoyi suka cika hannu, a irin waɗannan akwatuna aka buga littattafan Hausa da ba su kai ga maɗaba'a ba, da kundin ɗalibai, da waƙoƙi, da tarihin garuruwa da wani dattijo ya zauna ya faɗa aka rubuta. Mafi yawansu ba su da kwafi a ko'ina.

Mu huɗu ne, duk 'yan Wanke. Karatu ya kawo mu Gusau, son rubutu ya haɗa mu. Malamin da ya koya mana Hausa a firamare, Allah ya jiƙansa, ya sayi tasa kwamfutar wajajen 2006. 'Yar gwanjo ce mai Pentium 4, ba ta da sunan kamfani a goshi, irin wadda ake harhaɗawa, akwati daga can, kayan ciki daga nan. Da ƙaramin janareta yake kunna ta bayan isha'i. Shekaru ya yi yana bin tsofaffin mata yana rubuta waƙoƙin daka da na niƙa, yana bin maharba don kirarinsu, yana tara sunayen rijiyoyi da fadamu da tungayen da ke kewaye da garin, da wanda ya sari kowace. A littattafan makaranta yake fara rubutawa, sa'annan ya buga. Da rashin tsaro ya tsananta iyalinsa suka baro gida zuwa Gusau kamar yadda gidaje da dama suka yi, littattafan nan ba su biyo su ba. Kwamfutar ce ta biyo su, don ɗansa ya ga kaya ne mai kama da kuɗi.

Ba ta tashi. Inna, matar Malam, ta ce mana wani ɗan gwangwan ya taya ta kuɗin da bai kai na tiya biyu ta masara ba, kuma tana tunanin sallamawa, don ɗaki ɗaya suke ciki, wurin ajiye tabarma ma wahala yake. Muka roƙe ta ta ba mu wata ɗaya.

Abin da ya fi yi mana amfani daga baya shi ne labarin da ɗan Malam ya ba mu na yadda ciwon ya faro. Ya ce ba rana ɗaya ta ƙi tashi ba. Da farko sai an danna sau biyu. Daga baya sai an kunna, a jira kaɗan, a danna ƙaramin maɓallin nan na riset da ke ƙasan makunni, sai ta yi ƙara ɗaya ta kama aiki kamar ba komai. Da tafiya ta yi nisa, lokacin hunturu ba ta tashi da safe ko da dare sai da rana tsaka, har yaran gida suka sa mata suna Ragguwa. Akwai maƙwabcin da ya rantse mutanen ɓoye ne suka shige ta. A ƙarshe ta daina gaba ɗaya.

Mai gyaran da muka fara kai wa saurayi ne, gwani a wayoyi da kwamfutar cinya. Ya danna, ya saurara, ya ce babban allon cikinta, wato madabod, ya ƙone, kuma in ma an samu wani sai an yi wa rumbun ajiyarta fomat. Fomat shi ne goge komai. Muka yi masa godiya muka ɗauki kayanmu. Ba mu ga laifinsa ba. Aikinsa ya saba da cire wannan a sa wancan, kuma galibin masu kawo masa gyara na'urar suke so, ba su damu da abin da ke ciki ba.

Wanda ya gane ciwon wani dattijo ne a Tudun Wada, wanda ya fara da gyaran rediyo da talabijin tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Bai taɓa akwatin ba sai da ya gama jin labarin ɗan Malam, har ya sa aka maimaita masa zancen hunturun. Sa'annan ya ce, "Samari, wagga ba ta mace ba. Ba a ce mata ta tashi ba ne."

Mun yi kwanaki muna zama a shagonsa, mun kuma bi da karatu, ga abin da muka fahimta.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, tarin ƙananan makunnai ce, miliyoyi. Idan wuta ta shigo, kowane makunni yakan faɗa inda ya ga dama, wannan a kunne, wancan a kashe, babu tsari. Ita ma wutar ba ta zuwa cikakkiya kai tsaye; hawa take yi daga sifili har ta kai inda ake so, tana ɗan rawa kafin ta tsaya. In furosesa ta fara aiki cikin wannan rawar, shirme za ta karanta, shirme za ta aikata, sai ta ɓace a hanya ta daskare. Saboda haka masu ƙira suka ba ta wata ƙafa guda mai suna riset. Muddin ana riƙe da wannan ƙafa, furosesa ba ta motsi, kuma duk makunnan da ke da muhimmanci suna komawa mazauninsu. Ana sakinta sai ta fara daga wuri guda da aka ƙayyade mata tun a masana'anta. Tsohuwar furosesar nan Z80, wadda ta fito a 1976, daga adireshi na sifili take farawa kullum.

Baba ya kwatanta mana da tasha. Direba yana zaune, inji na aiki, amma ba zai taka ba sai yaron mota ya ga an gama lodi, an ɗaure kaya, an rufe ƙofa, ya buga jikin mota ya ce a tafi. In yaron ya buga da wuri, a bar fasinja da ƙafa ɗaya a waje. In kuma bai buga ba sam, motar za ta wuni a tasha tana cin mai, ba kuwa abin da ya sami injinta. Kwamfutar da fankarta ke juyawa fuska na baƙi, sau da yawa wannan motar ce.

Yadda ake samar da wannan ɗan jinkiri abin sha'awa ne saboda arharsa. A kwamfutocin gida na farko, irin ZX Spectrum da kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1982, abu biyu ne kawai: rezista ɗaya da kafasita ɗaya. Ɗauki kafasita a matsayin ɗan tulu, rezista kuma siririn bututun da ruwa ke bi ya shiga. Kafin tulun ya cika, ana riƙe da furosesa; yana cika, an sake ta. A Spectrum tulun maikrofarad 1 ne, bututun kilo-om 220, jinkirin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Commodore 64, wadda ta fito a Amurka a wannan shekarar, ta ƙara wani ɗan guntu mai ƙidayar lokaci da ake kira 556 don sakin ya zama tsaf, ba jan ƙafa. Waɗannan ba su ne suka cika shagunanmu ba, amma masu tara su a Turai har yau da wannan ciwon suke fama, kuma a jikinsu ne ya fi sauƙin ganewa. In ruwan da ke cikin kafasita ya bushe, tulun ya zama kamar ludayi, nan take ya cika, a saki furosesa cikin magagi, fuska ta cika da zane-zanen banza. In kuma yoyo yake yi, ba zai cika ba har abada, furosesa ta zauna a ɗaure.

A nan ne ma muka gane hikimar abin da masu shagon taifin ke gaya wa yaransu, cewa in ka kashe kwamfuta ka ƙirga goma kafin ka sake kunnawa. Mun daɗe muna jin sa kamar camfi. Ashe tulun ake jira ya tsiyaye. In aka ɗauke wuta aka maido cikin ƙiftawar ido, tulun bai zube ba, saboda haka babu jinkiri, alhali furosesa ta riga ta rikice. Duk wanda ya zauna inda wuta ke ƙyaftawa sau uku kafin ta tsaya, ko inda ake juya layi daga wutar gari zuwa janareta da hannu, ya san sau nawa hakan ke faruwa a wuni.

Kwamfutocinmu na tebur jikokin wadda IBM ta fitar ne a 1981, kuma tun daga ita aka ɗora aikin yaron mota a kan akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawafak. Shi ne ke karɓar bolt 230 na bango ya mai da shi ƙananan wutar da kayan ciki ke sha. A tsarin ATX da Intel ta kawo a 1995, kowace waya da launinta da aikinta. Ja bolt 5 ce, rawaya 12, ruwan goro 3.3, baƙaƙe kuma ƙasa. Shunayya tana ɗauke da bolt 5 ko da kwamfuta a kashe take, muddin tana jone. Koriya ita ce wadda madabod ke ja don ya ce wa akwatin wuta ya kama. Sai guda ɗaya ruwan toka, wadda ba ta ciyar da kowa wuta. Saƙo kawai take kai wa. Bayan duk sauran sun hau sun daidaita, akwatin wuta zai jira tsakanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zuwa rabin daƙiƙa, sa'annan ya ɗaga ruwan tokar zuwa bolt 5. Wannan shi ne bugun jikin mota.

Kafin Baba ya sa mita a ko'ina, sai da ya cire wayoyin rumbun ajiya, had-dis ɗin, ya ciro shi ya naɗe a tsumma ya miƙo mana. Ya ce gwaji kashe-kunna ne, kuma ba a wasan kashe-kunna da abin da aka zo ceto. Rumbun tsohon yayi ne mai faffaɗar waya da fil 40, don haka sai da muka aika Kano aka sayo mana 'yar mahaɗar da ke jona irinsa da kwamfutar zamani. Ranar da ta iso muka kwafe komai a wuri biyu.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, me ya rage na wahala da tsohon akwati? Mu ma mun so haka. Amma fayilolin da muka kwafo iri biyu ne. Na Word sun buɗe, sai dai duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wata alama ce ta daban zaune a wurin. Malam da salon haruffan Rabi'at ya yi aiki, ɗaya daga cikin biyun da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙira a shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Dabarar ita ce a ari mazaunin wasu alamomi a zaunar da namu a kai. In babu salon a na'urar da ka buɗe, sai masu wurin su dawo abinsu. Wannan mai sauƙi ne, ana gyara shi da nemo-ka-musanya. Matsalar tana ga kashi na biyu, wanda ya fi yawa. Malam ya shirya aikin a matsayin littafi, da PageMaker, manhajar da fitowarta ta ƙarshe a 2001 ce, kuma babu abin da ke hannunmu da ya yarda ya buɗe fayilolinta. Manhajar tana nan cikin rumbun, a kan Windows XP, amma XP ɗin da aka girka a kan wani madabod ba kasafai yake yarda ya tashi a kan wani daban ba. Makullin ɗakin yana cikin tsohon akwatin.

Yadda Baba ya bi ciwon shi ne ya fi burge mu, don kusan duk tambayoyi ne, kayan aiki kaɗan. Ya fara duba ɗan jan makunnin da ke bayan akwatin wuta, mai 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗayan. Kwamfutocin da suka fito daga Amurka kan zo a kan 115, kuma wanda ya jona su haka a wutarmu zai ji ƙara ya ga hayaƙi. Namu yana kan 230. Ya auna shunayya, akwai wuta. Ya ciro batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ya kamata ya nuna bolt 3; bai kai ɗaya ba. Ya sa sabo, ya danna, babu canji. Ya ce dama bai sa rai ba, amma akwai allunan da mataccen batir kaɗai ke hana su tashi, kuma ba a tsallake abu mai arha a tafi ga mai tsada.

Sai ya zare wayar maɓallin riset daga jikin madabod. Ƙurar hunturu da tsatsa kan sa maɓallin ya manne a danne, ya zama kamar wani ya ɗora yatsa a kai ya ƙi ɗagawa. Ya ce ya taɓa tayar da kwamfutar da ta shekara biyu a ajiye da zare wannan 'yar waya kaɗai, har ya ji kunyar karɓar kuɗi. Namu ba shi ba ne.

Gwaji na gaba shi ne wanda muka fi so. Ya cire ram ɗin duka, ya tabbatar 'yar sifikar ciki tana jone, ya danna. Shiru. Ya dube mu yana murmushi kamar an yi masa albishir. Furosesar da ta tashi ta tarar babu ram za ta yi ta kuka, ƙara bayan ƙara. In an kwashe mata ram ba ta ce uffan ba, to ba ta ma farka ba balle ta san an yi mata sata. Wannan shirun ya wanke ram, ya wanke monita, ya wanke Windows, ya bar mutum biyu a gaban alƙali: akwatin wuta da madabod.

Ya sa baƙin tsinken mita a baƙar waya, jan tsinke a ja. Ƙa'ida ta yarda bolt 5 ya sauka zuwa 4.75, kar ya wuce nan. Namu yana lilo ƙasa da haka. Ya matsa zuwa ruwan toka. Sifili. Fanka na juyawa, fitila na ci, yaron mota ya ƙi bugawa, kuma gaskiyarsa, don lodin bai kammala ba. Sai Baba ya aiki yaronsa shagon aski na kusa ya aro na'urar busar da gashi. Ya hura wa akwatin wuta iska mai zafi na ɗan lokaci, ya kashe, ya ƙirga goma, ya danna. Ruwan toka ta haura zuwa biyar, sifika ta fashe da kukan neman ram. Ɗan Malam ya miƙe tsaye.

Sirrin Ragguwa ke nan. Kafasitar da ta tsufa takan ɗan farfaɗo in ta ji ɗumi, ta sake lafewa in ta yi sanyi. Shi ya sa take tashi da azahar ta ƙi da asuba, shi ya sa kuma a farkon ciwon danna riset bayan ɗan jira yake tayar da ita: wutar ta samu lokacin daidaita, hannun mutum ya yi aikin yaron mota.

Abin da ke ba ta sauƙi na ɗan lokaci kuma shi ne ya kashe ta tun farko. Irin wannan kafasita ruwa ne a cikinta, kuma masu ƙira suna da lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwananta biyu. A jikinta ake rubuta iyakar zafin da za ta ɗauka, 85 ko 105. Yanzu a tuna da watan Afrilu a Gusau, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a inuwa, a ɗakin kwano marar silin, ga ƙura ta toshe ramukan iska, ga janaretan da ke ƙugi yana sauka duk lokacin da aka jona dutsen guga. Na'urar da aka ƙera don ofis mai sanyi ta zo nan ta yi shekara goma, ai ta yi ƙoƙari.

Ga kuma gadon da ta zo da shi. Daga 1999 zuwa wajajen 2007 an cika duniya da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa, waɗanda ke kumbura su fashe tun ba su tsufa ba. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2005 Dell ta ware kusan dala miliyan 300 saboda wannan matsala a kwamfutocinta na OptiPlex. Kayan wannan zamanin ne ofisoshin Turai da Amurka suka sallama suka biyo jirgin ruwa zuwa Legas, daga can suka hauro Arewa. A shekarar 2005 ɗin ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Legas kowane wata, kuma masu harkar sun ce har kashi 75 cikin ɗari na iya zama shara. Tun da muka zauna a shagon Baba muke zargin cewa wani kaso na wannan shara bai wuce ciwon Ragguwa ba.

Baba ya buɗe akwatin wutar da kansa, ya hana mu matsowa. A nan za mu ja kunnen duk wanda wannan rubutu ya sa wa ƙaiƙayin hannu: manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare waya daga bango. Auna wayoyi daga waje kowa na iya koya; buɗe cikin akwatin na masu sana'a ne. Mun ce ko a sayi sabo a huta. Ya ɗauko wani sabo daga kanta ya ɗora mana a tafin hannu, ya ɗora tsohon a ɗayan. Sabon kamar gwangwanin madara da aka shanye. Ya ce akwai irinsu da ke ɗaga ruwan toka ba tare da sun duba komai ba, yaron motar da ke bugawa ido rufe, kuma shi ya fi tsoron wannan a kan wanda ya ƙi bugawa. Ya canza ƙananan kafasitoci biyar a tsohon, biyu sun kumbura, uku kuwa lafiya lau a ido, sai awo ya tona su.

Ta tashi, amma aiki bai ƙare ba, don bayan minti kaɗan takan sake kunna kanta. Da ya haska tocila kewaye da furosesa sai ga wasu shida a jere, kawunansu sun yi tozo, ɗaya ta yi dalalar wani abu ruwan ƙasa da ya bushe. Waɗannan sai da aka jira saƙo daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, don ya ƙi sa na tsohon talabijin. Ya ce a nemo masu 105, masu adadi daidai da na asali. Wuni guda ya yi yana narka dalma, yana duba zanen da ke nuna ƙafar da ke zuwa ƙasa, don in aka juya ta baibai fashewa take yi.

Ranar da aka mai da rumbun mazauninsa, ta yi ƙara ɗaya gajera, ta nemi a danna F1, tambarin XP ya fito. Hoton da ke fuskar na 'yan ajin Malam ne na wata shekara, a gaban allo, biyu daga cikinmu suna layin gaba ba takalmi.

A nan batirin kwabon nan ya nuna mana tasa ɓarnar. Shi ke riƙe agogon kwamfuta in an kashe ta. Tun da ya mutu, duk kunnawa sai agogo ya koma 1 ga Janairun wata tsohuwar shekara, Malam kuma ya danna F1 ya wuce. Saboda haka fiye da rabin fayilolin rana ɗaya suke ɗauke da ita. Inda ya rubuta waƙa guda sau uku da bambancin baiti, babu kwanan watan da zai gaya mana wanne ne gyaran ƙarshe. Muna bin su ne da alamun da ke cikin rubutun, kamar inda ya sa "marigayiya" gaban sunan tsohuwar da ta ba shi waƙar a kwafi ɗaya, babu a ɗayan.

Akwai folda guda ta wasiƙunsa da lissafin bashi. Muna ganin sunanta muka kira ɗansa, muka juya masa ita a filashi, muka goge ta daga namu kwafin.

Sauran mun fitar da su shafi-shafi daga PageMaker zuwa rubutu zalla, muna mai da haruffa masu lanƙwasa irin waɗanda kowace waya ke karantawa yanzu. Ba ma kunna ta sai da sitabilaiza, ba ma kuma kunna ta a janareta. Ga wanda ke da irin wannan akwati a gida kuma ba shi da halin bin duk wannan hanya, rumbun ajiya ƙarfe ne mai girman tafin hannu, noti huɗu ke riƙe da shi. Ɗan gwangwan nauyi yake saye, ba zai rage maka wani abin kirki ba don ka cire shi.

Babi na ƙarshe da Malam ya buga jerin rijiyoyi da tungaye ne, kuma ya tsaya a lamba ta talatin da ɗaya, an rubuta lambar, ba a sa suna ba. Wasu daga cikin wuraren da ya lissafa babu kowa a cikinsu yau. Muna ɗaukar jerin muna bin dattawan Wanke da ke zaune a Gusau, muna karanta musu, suna gyara mana, wani lokaci su yi gardama a junansu kan wanda ya haƙa wace. Inna ta ce a bar akwatin a wurinmu har mu gama. A makon jiya kuma wani mai shagon buga takardu daga Bungudu ya aiko da tasa a bayan mashin. Ita ko fanka ba ta juyawa, Baba ya ce daga shunayyar waya za a fara.